Amurka: yadda ƙaramin alƙali Zahid Ƙuraishi ya hau kujerar dindindin, da yadda wasu suka maƙale a ƙofa

Yau sharhinmu zai ƙetare teku. Mun san wani zai ce mi ya haɗa mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ta Zinder, ko mai awon hatsi a Maradi, da maganar naɗin alƙalai a Amurka. Amsarmu ita ce, duk wanda ya taɓa bin bashi har gaban shari'a, ko aka riƙe masa kaya ya yi ta safa da marwa, ya san cewa tambayar farko da ke zuwa a zuciya ita ce: wannan alƙalin wa ya ɗora shi, kuma wa yake tsoro? Ita wannan tambaya Amurkawa suke ta kokawa da ita fiye da shekara 200, kuma labarin mutum guda ya isa ya nuna mana inda dabararsu ta yi aiki da inda ta gaza.

Mutumin shi ne Zahid Ƙuraishi. Ran 10 ga watan Yuni na shekarar 2021 majalisar dattawan Amurka ta amince da naɗinsa alƙalin kotun tarayya a jihar Niyu Jasi, da ƙuri'a 81, masu adawa 16. Da wannan ya zama Musulmi na farko a tarihin ƙasar da ya samu irin wannan kujera ta dindindin. Kafin nan shekara biyu ya yi yana ƙaramin alƙali, wanda su can suke kira majistare.

Sai mu tsaya nan mu warware wani ruɗani. A wajenmu, bisa tsarin da muka gada daga Faransa, in an ce majistara ana nufin duk mashara'anta, da mai yanke hukunci da mai shigar da ƙara, mutanen da suka ci jarrabawa suka shiga aikin gwamnati, ana yi musu ƙarin girma ana kuma canza musu gari. A Amurka kalmar ba haka take ba. Alƙalan tarayya iri biyu ne a kotu guda. Akwai na dindindin, wanda shugaban ƙasa ke zaɓa majalisar dattawa ta tabbatar, shi ba ya da wa'adi, sai mutuwa ko murabus ko kuma majalisa ta tsige shi kan babban laifi. Tun kafa ƙasar alƙalan tarayya 15 kawai aka gurfanar don tsigewa, 8 daga ciki aka sauke. Ko albashinsa kundin tsarin mulki ya hana a rage masa muddin yana bisa kujera. Sai kuma na wa'adi, wato majistare, wanda wata doka ta shekarar 1968 ta ƙirƙiro. Shi ba ruwansa da shugaban ƙasa ko majalisa. Ana shelar cewa akwai gurbi, lauyoyi su kai takardunsu, wani kwamiti da ya haɗa lauyoyi da mutanen gari waɗanda ba lauyoyi ba ya tace su, sannan manyan alƙalan kotun su zaɓi guda. Wa'adinsa shekara 8 ne, ana iya sabuntawa.

Kada kalmar ƙarami ta yaudare mu. Wanda aka kama da laifin tarayya, gaban majistare ake fara kai shi, shi ne zai ce a ba da beli ko a wuce da mutum gidan kaso. Shi ke sa hannu a takardar izinin binciken gida ko shago. A watan Agusta na 2022, sa'ad da jami'an tsaro suka shiga gidan Donald Trump da ke Filorida neman takardun sirri na gwamnati, wani majistare ne mai suna Bruce Reinhart ya sa hannu a izinin. A rigingimun kuɗi da na ciniki kuwa, shi ke zaunar da masu ƙara ya nemi sulhu, in kuma ɓangarorin biyu sun yarda yana iya jin shari'ar tun daga farko har hukunci. Albashinsa kashi 92 cikin 100 ne na albashin babban alƙali, shi kuwa babban a shekarar 2025 yana ɗaukar dalar Amurka 247.400 a shekara. Dalar Amurka muke faɗi, ba dalarmu ta kasuwa ba. In an juya, kuɗin ya haura miliyan 130 na sefa. To ka ga bambancin ba a aljihu yake ba. Bambancin shi ne, ɗaya ya san bayan shekara 8 sai an sake duba shi, ɗayan kuwa babu mai sake duba shi.

An haifi Ƙuraishi a birnin Niyu Yok a 1975, ya tashi a Niyu Jasi. Iyayensa ƴan Pakistan ne da suka yi ƙaura. Mahaifinsa likita ne da ya ci gaba da duba marasa lafiya har cutar korona ta ɗauke shi a 2020, bai ga ranar ɗansa ba. Zahid ya gama karatun lauya a jami'ar Rutgers a shekarar 2000. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ya bar aikin kamfanin lauyoyi ya shiga soja a 2003, a sashen shari'a, ya kai muƙamin kyaftin, aka tura shi Iraƙi sau biyu, a 2004 da 2006. Da ya tuɓe kaki ya yi ɗan lokaci yana lauyan hukumar shige da fice, daga nan ya zama mai shigar da ƙara na gwamnatin tarayya daga 2008 zuwa 2013, ya koma lauya mai zaman kansa, har aka zaɓe shi majistare a 2019.

Duk wanda ya dubi wannan tarihi zai gane dalilin ƙuri'a 81. A lokacin majalisar dattawa rabuwa ta yi biyu daidai, 50 da 50, ke nan fiye da ƴan Rifablikan 30 suka zaɓi mutumin da Joe Biden na Demokarat ya kawo. Tsohon soja, tsohon mai shigar da ƙara, wanda kuma manyan alƙalai suka riga suka gwada shi shekara biyu: da wuya a samu inda za a kama shi. Aikin majistare ya zame masa kamar shaidar dillali a kasuwar dabbobi, an ga haƙoransa, an ga tafiyarsa. Amma abin da ya faranta wa ƴan majalisa rai shi ne ya ɓata wa wasu Musulmin Amurka. Wasu masu fafutukar kare haƙƙi sun fito sun ce ba su gamsu ba, suna tambayar wace shawara ya ba sojoji game da fursunoni a Iraƙi a shekarun da labarin azabtarwa ya cika duniya, da kuma mi ya yi a hukumar da ke korar baƙi. Ba a kawo wata shaida da ta ɗora masa laifi ba, amma ƙorafin ya nuna cewa sunan Musulmi kaɗai bai ishe su ba.

Akwai wani abu da ya faru ranar da aka yi masa tambayoyi a watan Afrilu na 2021 da ya kamata mu tsaya a kai. Shugaban kwamitin shari'a na majalisar, sanata Dick Durbin, wanda yake goyon bayansa ne, ya tambaye shi mi ya sani game da shari'ar Musulunci, yana mai nuna cewa shi kansa yana jin kunyar tambayar. Ƙuraishi ya amsa cewa bai san komi a kai ba. Mai karatu a Tahoua zai ji wannan ya girgiza kai, kuma yana da dalili. Kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta a gwada mutum da addininsa kafin ba shi muƙami. Duk da haka abokin tafiyarsa ya ga dole ya riga abokan gaba yin tambayar don ya toshe musu baki. Mu a ganinmu, ƙofar da aka buɗe ranar ƴar ƙarama ce, mai shiga sai ya sunkuya.

Yanzu bari mu dubi hanyar da sunan mutum ke bi, don a nan cinikin yake, kuma ƴan kasuwa za su fi kowa gane shi. A takarda abin mai sauƙi ne: shugaba ya zaɓa, majalisa ta amince. A zahiri kuwa, kujerar kotun tarayya ta matakin farko kusan mallakar sanatoci biyu na jihar ce. Akwai al'adar da ta haura shekara 100, wadda ba ta cikin kowace doka, da ake kira shuɗiyar takarda. Shugaban kwamitin shari'a yakan aika wa sanatocin jihar wata takarda mai launin shuɗi yana neman ra'ayinsu. In ɗaya ya ƙi maido ta, sunan ya kwanta ke nan, ko zaman sauraro ba za a yi ba. A zamanin mulkin Trump na farko ƴan Rifablikan sun daina mutunta wannan al'ada a kan kotunan ɗaukaka ƙara, amma suka bar ta a kan kotunan farko. Abin da ya biyo baya a Niyu Jasi, inda sanatocin biyu ƴan Demokarat ne, shi ne shekara huɗu fadar shugaba da sanatoci ba su daidaita kan suna ba. Sa'ad da Biden ya hau a 2021, kujeru 6 cikin 17 na kotun jihar babu kowa a kansu. Wa ya sha wahalar wannan? Mai ƙaramin kamfani da ke bin kuɗinsa, da ma'aikacin da aka kora, domin doka ta sa shari'ar laifi a gaba, ta kuɗi sai ta jira. Wanda jarinsa ya taɓa kwana a hannun wani wata shida ya san ma'anar wannan jira.

Sanatocin da suka miƙa sunan Ƙuraishi su ne Cory Booker da Bob Menendez. Ku riƙe sunan na biyu. A 2022 masu bincike suka samu sandunan zinariya da damman kuɗi a gidan Menendez, a watan Yuli na 2024 kotun tarayya a Niyu Yok ta same shi da laifin cin hanci, a Janairu na 2025 aka yanke masa shekara 11. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, don haka ba laifi ba ne mutum ya tambaya ko alƙalin da ƴan siyasa suka ɗora zai iya juya musu baya.

Amsar ta zo a watan Maris na 2024, kuma a ganinmu ita ce tsakiyar wannan labari. A wancan lokaci, a Niyu Jasi akwai wata tsohuwar dabara da shugabannin jam'iyya ke yi a zaɓen fidda gwani. A lokacin, a gundumomi 19 cikin 21, akan tsara takardar ƙuri'a ta yadda ƴan takarar da manyan jam'iyya suka sa wa albarka za su jeru a layi guda mai kyau, sauran kuwa a watsa su can gefe inda ido ba ya kai wa. Kamar a ce sarkin kasuwa ya ba ƴan gidansa rumfunan bakin ƙofa, ya tura kowa bayan juji, sannan ya ce ai kasuwa a buɗe take. Wani ɗan majalisar wakilai, Andy Kim, da ke neman kujerar Menendez, ya kai ƙara. Shari'ar ta faɗa hannun Ƙuraishi. Ran 29 ga Maris ya ba da umurnin a dakatar da wannan tsari a zaɓen fidda gwanin Demokarat na shekarar, wato ya taka wutsiyar manyan jam'iyyar da ta kawo shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa a watan Afrilu, Kim kuma ya ci kujerar sanata a Nuwamba. Babu wanda ya iya canza wa alƙalin gari, babu wanda ya iya taɓa albashinsa. Da yana nan a majistare mai jiran sabunta wa'adi, ko yana tsakiyar neman shuɗiyar takarda daga ƴan siyasar jihar, ba mu ce da bai yi haka ba, amma da nauyin da ke wuyansa ya fi haka.

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan magana. Masu shekaru suna tune da 2009, lokacin tazarce, sa'ad da kotun tsarin mulki a ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta ce ƙuri'ar raba gardama ba ta bisa ƙa'ida, aka wayi gari a ƙarshen watan Yuni an rusa kotun. Jarumtaka ba ta rasa ba a wancan lokaci. Kujerar ce ba ta da ƙusa.

To amma kada mu yi wa tsarin Amurka kirarin da bai kai ba. Tunda kujerar ta har abada ce, faɗan ya koma bakin ƙofa, kuma kullum ƙara muni yake. Kafin Ƙuraishi, Barack Obama ya zaɓi wani lauya Musulmi, Abid Ƙureshi, a watan Satumba na 2016. Majalisar da ke hannun Rifablikan ba ta ko saurare shi ba, sunan ya mutu a Janairu na 2017. A wannan shekara ta 2016 ne suka yi wa Merrick Garland haka a kan kujerar kotun ƙoli, suka ce zaɓe ya yi kusa, ko da yake saura wata takwas. A 2020 kuma suka tabbatar da Amy Coney Barrett saura kwana takwas a yi zaɓe. Su ma Demokarat ba tsarkaka ba ne: su suka fara rushe ƙa'idar ƙuri'a 60 a 2013 don sunayen Obama su wuce da rinjaye kawai, Rifablikan suka ƙarasa rushe ta a kan kotun ƙoli a 2017. Daga nan abin ya zama tsere. Trump ya naɗa alƙalan dindindin 234 a wa'adinsa na farko, Biden ya naɗa 235, cikin kujeru kimanin 870 da ake da su gaba ɗaya. Kowane ɓangare kuma yana neman masu ƙuruciya, don su daɗe.

Dubi yadda ƙuri'un suka tsuke bayan Ƙuraishi. Nusrat Choudhury, mace Musulma ta farko, ɗiyar ƴan Bangaladash, ta wuce a watan Yuni na 2023 da 50 da 49. Mustafa Kasubhai na jihar Oregon, shi ma majistare ne tun 2018, an kai sunansa a Satumba na 2023, sai Nuwamba na 2024 ya samu 51 da 44, bayan jiran fiye da shekara. Ke nan shaidar aikin majistare, wadda ta yi wa Ƙuraishi rana, ba ta ƙara sayen ƙuri'ar abokan hamayya kamar da.

Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne Adeel Mangi, haifaffen Karachi, wanda ya yi karatu a Oxford da Harvard. Shi ne lauyan da ya tsaya wa Musulmin wani gari a Niyu Jasi da aka hana su gina masallaci, har hukumar garin ta yarda ta biya dalar Amurka miliyan 3,25 a 2017. Biden ya zaɓe shi a Nuwamba na 2023 don kotun ɗaukaka ƙara, matakin da ke ƙarƙashin kotun ƙoli, inda Musulmi bai taɓa zama ba. A zaman sauraro na Disamba wasu sanatocin Rifablikan suka bar maganar doka suka koma tambayarsa ra'ayinsa kan harin 7 ga Oktoba da Isra'ila da harin 11 ga Satumba. Ya yi tir da ta'addanci a fili, wasu ƙungiyoyin Yahudawan Amurka ma suka fito suka kare shi, amma sanatoci uku na ɓangaren Demokarat, biyu daga jihar Nebada da Joe Manchin, suka janye, ƙuri'a ta kasa cika. A Nuwamba na 2024, bayan Trump ya ci zaɓe, shugabannin ɓangarorin biyu suka yi ciniki irin na kasuwa: Demokarat su bar sunaye huɗu na kotunan ɗaukaka ƙara, Rifablikan su sassauta wa sunayen kotunan farko su wuce. Mangi na cikin huɗun da aka bari. Kujerar da aka nufe shi da ita, a watan Yuli na 2025 aka ba Emil Bove, tsohon lauyan Trump na ƙashin kansa, da ƙuri'a 50 da 49.

Saura tambayar da muka fara da ita, mi ya shafe mu. Hukuncin waɗannan alƙalai yana isowa har ƙofarmu ta hanya biyu, biza da haraji. A farkon 2017, da Trump ya hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, wani alƙalin tarayya a birnin Siyatil, James Robart, wanda George Bush ɗan Rifablikan ya naɗa, shi ya dakatar da dokar a faɗin ƙasar. An sake rubuta ta, har aka sa maƙwabciyarmu Chadi a ciki daga Satumba na 2017 zuwa Afrilu na 2018, kuma a Yuni na 2018 kotun ƙoli ta halatta ta da alƙalai 5 a kan 4. Ƙuri'ar mutum guda ke nan, kuma cikin biyar ɗin akwai Neil Gorsuch, wanda ya zauna a kujerar da aka hana Garland. Bisa wannan hukunci aka dogara a 2025 aka sake jera ƙasashe, Chadi a watan Yuni, Nijar da Mali da Burkina Faso a watan Disamba. Ɗan kasuwar da ke da ɗa yana karatu can, ko mai ƴan uwa a Niyu Yok da ke aiko da kuɗi, shi ne ke ɗauke da sakamakon faɗan da aka yi a majalisar dattawa tun 2016.

Ta fannin haraji kuwa, da Trump ya ɗora kuɗin duwan a kan kayan kusan duk duniya a watan Afrilu na 2025, ba manyan kamfanoni suka fara kai ƙara ba, ƙananan ƴan kasuwa biyar ne masu shigo da kaya, irin waɗanda ƙarin kashi 10 cikin 100 ke iya cinye musu riba. Shari'ar ta je kotun tarayya ta harkokin ciniki da ke Niyu Yok, gaban alƙalai uku na dindindin: ɗaya Ronald Reagan ya naɗa ta, ɗaya Obama, ɗaya kuma Trump da kansa. Ran 28 ga watan Mayu na 2025 su ukun suka haɗa baki suka ce dokar ta-ɓaci da shugaban ya dogara da ita ba ta ba shi wannan iko ba, domin sa haraji aikin majalisa ne. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kotu ta gaba ita ma ta ba ƴan kasuwar gaskiya a watan Agusta da alƙalai 7 a kan 4.